Wata Tara da Na Ɓoye wa Zainu

Ni dai har gobe ban yafe wa Japanawa ba. Mutanen nan ban taɓa ganin ko ɗayansu ido da ido ba, ban ci musu ba ban sha musu ba, amma suka biyo ta cikin talabijin suka ɗauke mana yaro tun yana ɗan shekara bakwai, kuma har yau ba su dawo mana da shi duka ba.

Sunana Shafa'atu. A unguwar Harra ta Gabas aka haife ni, a hawa na uku na wani tsohon gida da kakanmu ya kama bayan ya iso Madina da ƙafarsa daga ƙasar Haɗeja, ya ce shi kam ya zo ke nan. Yanzu mu uku muka rage a ciki: ni, da Baba, da autanmu Zainulabideen, wanda muke kira Zainu. Shekara goma sha huɗu na ba shi. Inna ta rasu yana da tara, don haka ni na ƙarasa rainonsa, kuma ni na san abin da na sha.

Wani kartun ne na Japan da aka juya zuwa Larabci ya jawo mana. Yaro ne a ciki mai manyan idanu, yana wasan da ake kira besbol, wanda mutum ɗaya zai jefa ƙwallo, wani ya doke ta da kulki, sauran kuma su yi ta gudu ba wanda ya koro su. A kartun ɗin nan jifa ɗaya tak sai a yi kwana uku ana nuna ta. Ƙwallo na tafiya a iska, mai jifa na kuka, mai kulki na tuna marigayin ubansa, 'yan kallo na kuka, har a rufe shirin ƙwallon ba ta iso ba. Duk yaran layinmu sun kalla, duk sun warke kamar yadda ake warkewa daga ƙyanda. Namu ne kaɗai abin ya zauna masa a jini.

Da baƙaƙen duwatsun Harra ya fara, yana jera gwangwanaye a kan katanga yana kaɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya kuskure gwangwani kuwa sai ya samu tagar wani, ko tankin ruwan wani, ko na'urar sanyaya ɗakin wani. Babu ƙofar da ban tsaya na ba da haƙuri ba a layinmu. Na ce in ya girma zai daina. Ya girma, ya yi gemu, ya samu aikin gyaran na'urar sanyi ta manyan motocin alhazai a unguwar Bi'ir Ali, abin kuma sai ƙaruwa. Kartun ya koma littattafan zane, littattafan zane suka koma kallon wasannin gaske a waya, da sunayen 'yan wasa masu karya harshe waɗanda ya haddace fiye da sunayen dangin Inna. Ya rataya tsohuwar katifa a bangon rufin gida, kullum bayan la'asar sai ka ji dum, dum, dum a kanmu, har shayi na rawa a kofi.

Ya kuma samu abokin hauka, Abdulfattah, wani ɗan Chadi da suke aiki tare. Shi ne mai tsugunawa ya cafe ƙwallon, shi ne kuma ya sayo wata 'yar na'ura mai auna gudun jifa. Duk Juma'a da sassafe sai su tafi wani fili a bakin kwarin Aƙiƙ inda 'yan Pakistan ke buga nasu wasan kulkin, kurket, suna yi musu dariya. Zainu ya dawo gida ya ce mini, "Yaya, yau ɗari da arba'in da uku na yi." In ce masa, "To madalla, sai a dafa a ci." Da Hausa nake yi masa faɗa, shi kuma ya ba ni amsa da Larabci, kamar duk 'yan zamaninsu.

Kafin ku ce ni muguwa ce, ku ji zancen Baba. Ciwon suga ya ci ƙafarsa ta hagu, ya rage masa gani, sannan ya sauka a ƙoda. Asabar, Litinin da Laraba ake kai shi wankin ƙoda. Gidanmu ba lif, matakala arba'in da biyu ce, ƙunci gare ta, keken guragu ba ya juyawa a cikinta. Zainu ne ke goya shi ya sauko da shi, ya kuma goya shi ya hau da shi. Sau ɗaya na gwada da kaina ranar da aka riƙe Zainu a wurin aiki. A hawa na biyu muka zube, ni da Baba, muka zauna muna kallon juna har maƙwabci ya zo.

Ni kuma a teburin karɓar marasa lafiya nake aiki, a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa. Rabin aikina juya kwanan wata ne. Tsofaffi su kawo kati da lissafin hijira, kwamfuta kuma ta ce sai miladiyya. Shekara goma sha uku ina wannan, har ya zama in ka faɗa mini ranar haihuwarka ta hijira, kafin ka rufe baki na ba ka ta miladiyya, ba tare da na taɓa komai ba.

To, ranar wata Juma'a bayan ƙaramar Sallah muna cin abincin rana, sai ga Zainu ya faɗo ɗaki da waya a hannu, ko sallamar kirki babu. Wani shirin talabijin ne na Japan, irin nasu na hayaniya: masu gabatarwa da kaya ruwan ɗorawa suna ihu, manyan rubutu na tsalle a fuskar allo, ga wata 'yar taga a kusurwa inda ake nuna wata mata tana riƙe baki don mamaki, ko ba a yi abin mamaki ba. Wai masu jifa suke nema daga ƙasashen da ba a buga besbol. Waɗanda aka zaɓa za a kai su Japan a gwada su a gaban kyamara, wanda ya fi kowa kuma a ba shi shekara ɗaya a wata ƙaramar ƙungiya.

Ya tsaya a kanmu yana karanta sharuɗɗan da wayar ta fassara masa. A aiko da sabon bidiyo wanda ba a yanke ba, mai jifa ya fara ɗaga takarda mai alamar shirin. Jifar ta kai gudun kilomita ɗari da arba'in. Ya ɗago ya dube ni, ya yi murmushi. Sannan ya karanta na ƙarshe: kada mutum ya kasance ya cika shekara ashirin da biyar ranar da za a rufe, wato ƙarshen watan Mayu.

Murmushin ya tafi. Ya sake karantawa a zuci, sannan ya kife wayar a kan tabarma. Ya ce, "Khalas," wato shi ke nan.

Baba ya ce, "Me ya faru, auta?"

"A azumin nan da ya wuce na cika ashirin da biyar, Baba."

Baba ya ƙirga da yatsu. "Haka ne kuwa. Sha bakwai ga azumi, shekara ta dubu da ɗari huɗu da ashirin. Ina fitowa daga Harami aka tare ni da albishir."

Zainu ya ce, "Da wata biyu kacal." Ya zauna, ya jawo faranti, ya kasa ci.

Ni kuwa ban ma nemi kaina ya yi lissafin ba, shi ya yi da kansa. Sha bakwai ga azumin wannan shekarar, ƙarshen Disamba ne na dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da tara. Shekararmu ta gaza tasu da kwana goma sha ɗaya, a cikin shekara ashirin da biyar kuwa kwanakin sun taru sun zama wata tara. A wurin Japanawa, Zainu ɗan ashirin da huɗu ne har sai sanyi ya shigo. A gidanmu ba wanda ya taɓa ƙirga shekarunsa da wani abu in ba azumi ba. Katinsa da hijira aka rubuta, bai taɓa yin fasfo ba don bai taɓa zuwa ko'ina ba, kuma ko fam ɗin bai buɗe ba balle ya ga irin kwanan watan da suke so.

Na ja numfashi zan yi magana. Sai idona ya faɗa kan ƙafar wandon Baba da aka naɗe da fil. Na ɗebo shinkafa na cusa a bakina.

Na ce wa kaina ai ban yi ƙarya ba, shiru kawai na yi. Na ce wa kaina taimakonsa na yi. Har hujja na nemo, don akwai wani shirin nasu kuma da suke yi kan 'yan wasan da ƙungiya ta sallama, na zauna na kalle shi da fassarar Larabci lokacin hutun aiki. Mutum ya yi shekara takwas yana jifa, rana ɗaya a kira shi ofis ya zo da kwat, a ce an gode. Shekararsa ashirin da bakwai, ga mata da ciki, ga kafaɗa ta lalace, bai iya komai ba sai jifa. A bi shi da kyamara har gida ana kaɗa kiɗan tausayi, yana zaune yana jiran wayar da ba za ta yi ƙara ba. Wani ya koma dafa taliya, wani tuƙin babbar mota, wani wanke tagogin dogayen gine-gine. Waɗannan fa 'yan ƙasa ne, da aka haifa da kulkin a hannu. Ina ga ɗan Harra da ya koya a jikin katifa?

Da can in na kawo irin wannan magana, Zainu kan ce, "Yaya, ai su sun buga kafin a kore su." Mu yi ta yi har Baba ya ce mu rufa masa asiri. Wannan karon na miƙa masa wayar, ya kalla daga farko har ƙarshe, ya mayar mini.

Ya ce, "Gaskiyarki, Yaya."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini. Shekara goma sha takwas ina roƙon Allah ya shiryi yaron nan, da ya shiryu kuma sai na rasa inda zan sa kaina. Ya sauko da katifar daga rufi ya ba masu shara. Ya kai wa Abdulfattah safar hannunsa ta fata, wadda a da ko ƙura na kaɗe mata sai mun yi rigima. Yana tashi daga aiki sai gida. Ya wanke kwanuka ba a sa shi ba. Ya gyara famfon da na yi shekara biyu ina magana. Ranar Juma'a da safe ya zauna a falo ya zuba wa bango ido, hannu a kan gwiwa, kamar mai jiran layin likita. In na ce masa ya tashi ya fita ya sha iska, ya ce to. In na ce ya zauna, ya ce to. Na ƙona miya da gangan ranar nan don ya yi ƙorafi, ya cinye ya ce Allah ya ƙara albarka.

Na shiga yi wa kowa masifa. Na yi wa mai kawo gas, na yi wa wata nas da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Kalandar da ke kan teburina mai fuska biyu ce, hijira a sama miladiyya a ƙasa, kullum da safe ni ke yage mata shafi, kullum kuma sai na ga kwana nawa ya rage wa Mayu. Sati ɗaya ya tafi, biyu, huɗu. Ina ta cewa bari dai watan ya mutu in huta.

Ranar Larabar ƙarshe ta watan, muna dawowa daga wankin ƙoda, Zainu na gaba da Baba a bayansa, ni ina biye da jakar magani. A hawa na biyu ya tsaya ya gyara goyo, sai na ji Baba ya ce masa a hankali, "Auta, na daina jin bugun nan naka a rufi."

"Na girma, Baba."

Suka ci gaba da hawa. Ni na tsaya a wurin har suka ɓace mini.

Washegari wata tsohuwa ta zo asibiti, na karɓi katinta na shigar, na ce, "Hajiya, shekara sittin da takwas." Ta ce a'a, saba'in take. Na bayyana mata cewa a lissafin kwamfuta ba ta kai ba tukuna. Ta kama dariya har da tafa hannu, ta ce, "'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin mayar mini da shekara biyu ina zaune." Na ce amin, na miƙa mata katinta, na shiga banɗaki na kulle na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Daga nan na nemi izini na tafi gida.

Na same shi yana ninke wanki, Baba na kishingiɗe yana jan carbi. Ban iya lallashi ba, ban taɓa iyawa ba, don haka da faɗa na fara.

"Kai wane irin sakarai ne, Zainu? Japanawa azumi suke yi?"

Ya dube ni da riga a hannu.

"Na ce azumi suke yi, da za su ƙirga maka shekaru da shi? Da miladiyya suke lissafi. A Disamba aka haife ka. Sai Disamba mai zuwa za ka cika ashirin da biyar a wurinsu. Yau ina zaune a wurin aiki wata tsohuwa ta zo, abin ya faɗo mini."

Wannan jimlar ta ƙarshe ita ce ƙaryar, kuma ta fito sumul ba tare da na shirya ta ba.

Ya ɗauki wayarsa, ya shigar da ranar haihuwarsa a manhajar juya kwanan wata. Ya daɗe yana kallon abin da ya fito. Sannan ya taso ya kama kaina da hannu biyu ya sumbace shi, ya ce da Hausa, "Yaya, Allah ya biya ki." Na ture shi na ce ya daina ɓata lokaci, gobe ake rufewa, kuma sha biyun darensu shidan yammarmu ce.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar muka fafe. Ana idar da sallar asuba muka bar Baba a hannun maƙwabciya, muka nufi filin Aƙiƙ. Abdulfattah ya riga mu, ya kawo safar, ya ɗora na'urar awo a kan kujerar roba. Ni aka ba waya, aka ce in tsaya inda Zainu da lambar za su fito tare, kada hannuna ya yi rawa. Shekara da shekaru yana jifa a kaina, ranar ce na fara tsayawa na kalle shi. Ya ɗaga takardar alamar shirin, ya ajiye, ya ɗaga ƙafa har ƙirji, ya saki. Ƙarar da ƙwallon ta yi a hannun Abdulfattah sai da na firgita. Na ce a raina ai shi ke nan. Na dubi na'urar, ɗari da talatin da huɗu.

Zainu ya juya kafaɗa ya ce bai ɗumama ba tukuna. Talatin da shida. Talatin da biyar. Talatin da bakwai. Rana ta fito, 'yan kurket suka zo, suka ga fuskokinmu, ba wanda ya yi dariya, har wani ya kawo mana ruwa. Talatin da takwas ya yi sau uku kafin zafi ya kore mu. Muka koma gida, ya sa ƙanƙara a kafaɗa, suka je Juma'a, ana yin la'asar muka dawo. Ƙasar filin na ƙona ƙafa ta cikin takalmi, wayar ta yi zafi har ta ɗauke sau biyu, sai da na naɗe ta da jiƙaƙƙen gefen mayafina.

Talatin da tara. Na ji kaina ina cewa, "Saura ɗaya, ɗan banza, saura ɗaya," ni da na yi shekaru ina addu'ar hannun nan ya gaji. Ya sake talatin da tara. Daga nan lambar ta fara komawa baya, bakwai, biyar, uku, yana jifa yana cije leɓe, har Abdulfattah ya miƙe ya cire safar ya ce ya isa, in ya ƙara zai tsinka wani abu.

Abdulfattah ya zo kusa da ni yana share gumi. Ya ce, "Yaya Shafa'atu, hannu kamar injin bas ne, in ya yi sati shida a ajiye ba ya tashi a rana ɗaya. Da ko sati biyu muka samu, wallahi da ya wuce arba'in yana dariya." Bai san da wa yake magana ba. Na ce masa Allah ya kyauta.

Shida saura kwata muka aika na talatin da taran, ko Allah zai sa su yi sassauci. Bayan kwana goma sha huɗu amsa ta zo, ranar Juma'a da yamma. Doguwar wasiƙa ce mai ladabi, sun gode, sun ji daɗin ganin mai jifa daga Madina, amma sharaɗi sharaɗi ne. A ƙasa har da zanen wata ƙwallo mai ido da baki ta sunkuya tana ban haƙuri. Kun ji fa, har a wurin kashe mutum sai sun sa kartun.

Zainu ya karanta mana, sannan ya yi ɗan murmushi. Ya ce, "Ba komai. Aƙalla sun gan ni. Baba, ka sa wa Yaya albarka, da ba don ita ba ko gwadawa ba zan yi ba." Aka kira magariba, ya ɗauki hularsa ya sauka masallaci.

Ina tattara kofuna Baba ya ce, "Uwata." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa gare ni. "Shekara nawa kina aikin nan naki na juya kwanan wata?"

"Goma sha uku, Baba."

"Ranar da yaron nan ya karanta mana sharuɗɗan, na ji kin ja numfashi za ki yi magana, sai kika fasa. Ban san abin da kika haɗiye ba sai ranar Alhamis ɗin nan da kika shigo da faɗa. Ido ne ya tafi, kunne yana nan."

Na ajiye kofunan. Na so in musa, amma Baba ba wanda ake yi wa haka ba ne.

Ya ce, "Matakala ce?"

"Baba, in ya tafi wa zai sauko da kai? Ka manta yadda muka zube ni da kai? Shekara guda fa suka ce. Ni kaɗai zan yi aiki, in yi girki, in yi asibiti, in kuma…"

"Kin tambaye ni?"

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Da kin tambaye ni, da na ce a sauko da ni sau ɗaya, a nema mini ɗaki a ƙasa, ko na ajiye kaya ne. Ƙafa aka yanke mini, Uwata, ba harshe ba." Ya laluba ya ɗauki carbinsa. "Yanzu sau uku a sati zan hau bayan yaron nan, ina sane da abin da aka hana shi saboda ni, shi kuma bai sani ba. Wannan kika ɗora mini."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma haushin kaina ya fi kunyar. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce shi ba shi da abin yafewa, mai haƙƙin yana masallaci, kuma shi ba zai gaya masa ba, maganar tawa ce.

Washegari Asabar. Zainu ya shigo ɗakin Baba da safe kamar kullum, ya juya baya ya tsuguna a bakin gado, ya ce, "Yalla, Baba." Baba ya daɗe zaune bai motsa ba, har Zainu ya waiwayo ya tambaye shi ko jiri yake ji. Ya ce a'a, sannan ya miƙa hannu ya zagaye wuyansa. Na ɗauki jakar magani na bi su a baya. A kowane hawa na buɗe baki, a kowane hawa na rufe, har muka kai ƙasa Zainu ya ce in yi sauri in buɗe ƙofar mota, kafaɗarsa ba ta gama warkewa ba.